Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Kwanakin baya ina kan keken ɗinki, rediyo na yi a gefe, sai na ji an haɗa wasu mutum biyu suna musu a kan ciwon nan na yara da ake ce wa ADHD, wai ciwon rashin natsuwa. Ɗaya yana cewa an cika liƙa wa yara shi, yaro ya yi tsalle a aji sai a ce ba shi da lafiya. Ɗayan yana cewa a'a, mu nan ko fara gano masu shi ba mu yi ba, dukansu kawai ake yi a banza. Suna yi suna dariya, suna ta ranka ya daɗe da juna. Na miƙa hannu na kashe rediyon, na taka keken da ƙarfi har allura ta karye. Su hira suke yi, ni kuwa a kan ɗana aka gwada abin.

Ni 'yar Kiyako ce, aure ya kawo ni Birnin Kudu. Mijina mutumin Kwandiko ne ta ƙasar Gwaram, direba ne, yana jan mota tsakanin nan da Kano. Duk unguwarmu an san bakina. Mai nama ya taɓa auno mini ƙashi zalla, sai da na tara masa jama'a a bakin kasuwa. Ba na barin ta kwana, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba. Mutum ɗaya ne a duniya bakin nan bai yi wa amfani ba, shi ne ɗan farina.

Yadda na taso na gani, haka na yi. Ɗan fari ba ka kiran sunansa, ba ka yabonsa, ba ka yi masa wasa a gaban mutane. In ya faɗi a gabanka sai ka kau da kai, wata ta ɗaga shi. Ranar da aka yaye shi, uwar mijina, wadda duk muke ce wa Inna, ta zo ta goya shi ta tafi da shi Kwandiko. Na shiga ɗaki na yi kukana, na wanke fuska na fito ina dariya, aka ce kai, yarinyar nan akwai kawaici. A hannun Inna ya girma. Ita yake ce wa Inna, ni kuma Yaya. In zan yi maganarsa sai in ce yaron nan, ko ɗan Inna. Ita kuwa ba ta da suna gare shi sai Angona.

Inna tana da gonar gero a bayan gari, kuma duk shekara in gero ya fara ido, jan-baki ne ke neman ƙarar da ita. Tsuntsayen nan in suka taso sai ka ce hayaƙi, su sauka a gona su tashi, zangarniya ta koma ƙaiƙayi. Don haka ake kafa rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, a ɗaura igiyoyi daga jikinta zuwa kowace kusurwa, a rataya gwangwanaye da tsakuwa a ciki. Yaro ya hau sama ya zauna tun hantsi bai yi ba. Aikinsa ɗaya ne, kada wani motsi ya wuce shi. Ya ji fir ta gabas ya waiwaya, ya ga inuwa ta yamma ya zabura, ya ja igiya, ya kwarara ihu, ya wurga majajjawa. Yaron da ya zauna shiru ya zuba wa wuri ɗaya ido, wannan ya ci amanar gona.

Tun yana ɗan mitsitsi aka fara hawa da shi, kafin wani lokaci ya fi duk yaran unguwar iyawa. Har maƙwabtan gona suna roƙon Inna ta ara musu shi. In na je Kwandiko da damina, sai in ɗauki kwano in ce zan tsinko rama, in laɓe a gindin wata tsamiya ina kallonsa. Yana tsaye a kan rumfar, riga ta yi masa yawa, kansa yana juyawa ko ta ina, tsuntsu bai gama yanke shawarar sauka ba ya riga ya gan shi. Inna takan ce, “Angona kunnensa a ƙeya yake.” Ni kuma in ce, “Uhm,” in ci gaba da tsinkar ramata, alhali zuciyata kamar ta fashe don daɗi.

Da ya kai shekara takwas babansa ya ce ya isa haka. Ba ya so ɗansa ya ƙare a sitiyari kamar shi, kuma makarantar ƙauyen yau akwai malami gobe babu. An buɗe wata makarantar kuɗi a nan cikin gari, can zai sa shi. Inna ba ta so ba, amma ba ta hana ba. Abin da ta ce kawai, “Ku tafi da shi. Amma in gero ya yi ido ku dawo mini da abina, ba ni da wani mai tsaro.”

Ba a jima ba ƙorafi ya fara zuwa daga makaranta. Sun zaunar da shi a bakin taga, ga bishiyar darbejiya a waje cike da tsuntsaye. To me kuke so ya yi? Malama tana rubutu a allo da Turancin da bai taɓa ji ba, shi kuma kunnensa yana waje. Ƙofa ta motsa ya waiwaya, wani ya yar da fensir ya waiwaya. Wata rana garken tsuntsaye ya gifta, yaro ya miƙe tsaye a tsakiyar darasi ya ƙwala “Haaa!” da iyakar ƙarfinsa. Aji ya fashe da dariya. Shi ma da ya dawo gida dariya yake yi yana ba ƙannensa labari, ya ce wallahi bai san lokacin da ihun ya fito ba.

A gida kuwa ina ganin abin da nake gani. Yaron nan zai zauna a gindin kekena daga la'asar har kiran magariba yana kwance tsohuwar tocila yana mayarwa, ko motsi ba ya yi. Shi yake zura mini zare a allura in idona ya gaji. In an aike shi ba ya mantuwa, har da abin da ba a ce ya dubo ba sai ya dawo da labarinsa. Na san duk wannan, kuma ba wanda na taɓa faɗa wa, don ba a faɗa.

A zango na biyu aka aiko wai ana neman iyayensa. Mai makarantar, wata Hajiya ce mai gilashi, ta je wani taron bita a Kano ta dawo da haruffan nan huɗu a bakinta, ko gaisawa aka yi da ita sai ta sako su. Ta samo wani mutum mai farar riga, wanda ke da kantin magani a bakin titi, ana ce masa likita, ya riƙa zuwa yana duba mata yara. Da muka isa, bencin ƙofar ofis cike yake da iyaye, sai ka ce annoba ce ta faɗa wa makarantar. Ƙofa a buɗe, duk abin da aka faɗa a ciki na waje suna ji. A cikin masu jiran har da wani dattijo abokin wan mijina.

Mutumin ya dubi yaron, yaron yana duban fankar da ke juyawa a sama. Ya ce ya zauna, ya zauna. Babur ya wuce a waje, ya waiwaya. Mutumin ya gyaɗa kai, ya dubi Hajiya, Hajiya ta gyaɗa kai. Sai ya juyo gare ni.

“Ke ce mahaifiyarsa?”

Na sunkuyar da kai, na ja mayafi.

“Yaya yake a gida? Yana natsuwa? Yana jin magana?”

Ga mijina a gefe, ga dattijon nan a bakin ƙofa, ga mata sun kasa kunne. Na ba shi amsar da uwata za ta bayar, wadda kakata ma ita za ta bayar. Na ce, “Oho, ni ina na san masa. Ai ba ya ji.”

Babansa ya yi 'yar dariya ya ce, “Ƙiriniya kam akwai ta.”

Mutumin ya buɗe hannuwa ya ce, “To kun ji. Har uwarsa ta shaida.”

Shi ke nan fa, an gama. Ko shayi ba zai huce ba a tsawon zaman da muka yi. Kuma kada wanda ya ce mini laifina ne, don ba zan karɓa ba. Mutumin nan ba Bature ba ne. Bahaushiya ce ta haife shi, ya san sarai babu matar da za ta zauna a gaban surukai ta ce ɗan farina natsattse ne, mai hankali ne. Ya san in uwa ta ce ba ya ji, ba ta ce komai ba. Tambaya ɗaya ce ta kamace shi, wa ya raine shi? Da an ce masa Inna, da an aika Kwandiko, da ta gaya masa abin da aka koya wa yaron nan tun yana tatata. Bai tambaya ba, don ba ya son amsar. Ya rubuta magani, ya ce a kantinsa kaɗai ake samun mai kyau.

Muna komawa gida na rufe ƙofar ɗaki na sauke wa mijina kwandon bala'i. Na ce lafiyar yaron nan ƙalau, tsaron tsuntsu ne a jikinsa, a ba shi lokaci, a ɗauke shi daga bakin tagar. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Ba ke da bakinki kika ce ba ya ji ba?”

Na ce, “Haba Malam! Kai ma?”

Ya ce, “Ke likita ce? Mutane sun yi karatu sun gano abu, ke kina nan kina taka keke za ki ƙaryata su. So kike ya ƙare a tasha yana kiran fasinja?”

Ya san halina, don haka bai bar ƙwayoyin a hannuna ba. A aljihun motarsa yake ajiye su. Kullum da safe kafin ya fita sai ya kira yaron, ya sa masa ƙwaya a baki da hannunsa, ya tsaya har sai ya ga ta wuce.

Ban ce babu ciwon ba, kada a ɗauke ni jahila. Akwai wani yaro a bayan layinmu, ɗan wata mai ƙosai. Shi kam ko abinci ba ya iya zama ya cinye, ya faɗa titi ba sau ɗaya ba, in kana masa magana kafin ka kai ƙarshe ya manta farkon, kuma yana kuka yana cewa shi ma ba ya so. An dake shi har jikinsa ya saba, an kai shi ruƙiya, an yi masa turare. Shi ne yake bukatar likita na gaske ya zauna da shi. Amma uwarsa ba ta da halin makarantar kuɗi, saboda haka ba wanda ya taɓa kiran haruffa huɗu a kansa. Mai ciwo yana shan bulala, nawa mai lafiya yana shan ƙwaya, a gari ɗaya, layi ɗaya tsakani.

Maganin ya yi aiki, wannan kam ba zan musa ba. Yaro ya yi shiru. Ya daina waiwaye, ya daina tsalle, ya daina ba ƙannensa labari. Fuskarsa ta kumbura, leɓensa na ƙasa ya saki, wani lokaci har yawu ke zuba bai sani ba. Ya zo gindin kekena ya zauna da tocilarsa a hannu, in na duba sai in ga ko murfin bai kwance ba, barci ya ɗauke shi a zaune. Na miƙa masa allura ya zura mini zare, hannunsa yana rawa, ya yi ta ƙoƙari, ya miƙo mini ya ce, “Yaya, na kasa.” Yaran makaranta suka sa masa Maibarci. Hajiya kuwa duk inda ta gamu da babansa sai ta ce, “Ka gani ko? Yanzu kamar ba ya ajin.”

Da Sallah ƙanin mijina ya zo, ma'aikacin jinya ne a Kano. Na faki ido na ɗauko ƙwayoyin daga mota na nuna masa. Ya juya su a tafin hannu, ya ɓata rai. Ya ce ciwon gaskiya ne akwai shi, amma ba a zama ɗaya ake gane shi ba, kuma wannan ma ba maganinsa ba ne, na kwantar da manya ne waɗanda hankalinsu ya tashi. Na ce to ka gaya wa yayanka. Ya gaya masa, a ladabce, yana sosa ƙeya. Mijina ya ce, “Kai yaushe aka haife ka?” Magana ta mutu a nan, ƙanin ya koma Kano washegari.

Ranar da aka yi bikin ƙarshen shekara a makaranta, aka kira ɗana gaban jama'a aka ba shi kyautar ɗalibin da ya fi kowa natsuwa. Kwanon roba ne, shuɗi. A jarrabawa kuwa yana nan inda yake, ko ma ya ja baya, amma wa ya damu? Aka yi ta tafi. Yana tsaye riƙe da kwanon, sai da malama ta kama kafaɗarsa ta juya shi sannan ya san an gama. Babansa har da ɗaukar hoto. Ni kuwa na ce a raina, Allah ya isa.

Hutu ya zo daidai lokacin da gero ya yi ido. Mijina ya kwashe mu a motarsa, muka bi ta Gwaram muka shiga Kwandiko. Inna ta fito da gudu tana “Angona! Angona ya dawo!” Ta riƙe shi, ta ɗan ja baya ta dube shi, ta ce, “Birni ya karɓe ka, har ka yi ƙiba.” Babansa ya damƙa mata ƙwayoyin ya ce maganin karatu ne, kullum da safe, ko kwana ɗaya kada a tsallake. Ya juya motarsa ya tafi, ni na ce zan kwana biyu.

Da yamma muna tankaɗe na ce, “Inna, ƙwayoyin nan fa suna da ƙarfi.”

Ta ce, “Ubansa ya ce na karatu ne.” Ta dube ni da mamaki, don tunda ta ɗauke shi ban taɓa sa baki a kan abin da ya shafe shi ba. Na ji nauyin idonta, na mai da kaina kan rariya.

Da safe ta ba shi ƙwayarsa da kunu, da bisimilla, ta raka shi gona. Sai da ta tura shi ta baya sannan ya iya hawa rumfar. Ta sa masa igiya a hannu, ta koma bakin gona wurin wasu mata da ke cirar ciyawa. Na ɗauki kwano na ce zan tsinko rama, na tafi gindin tsamiyata.

Rana ta ɗan ɗaga sai ga su. Na ji ƙararsu kafin in gan su, suka taso ta gabas baƙi ƙirin, suka yi kewaye ɗaya suka zubo a kan geron Inna. Zangarniyoyi suka sunkuya saboda nauyinsu. Na dubi rumfa. Yana zaune, ya ba ni baya, igiya a hannunsa, kansa a tsaye, ya zuba wa wuri ɗaya ido kamar yadda aka so. Wasu tsuntsayen har a kan sandar rumfar suka sauka, dab da gwiwarsa. Gwangwani ko ɗaya bai motsa ba.

Ban san lokacin da kwanon ya faɗi ba. Na buɗe bakin nan nawa da duk Birnin Kudu ta sani, na ƙwala masa kira da sunansa, sunan da aka raɗa masa ranar suna, wanda tun da na haife shi bai taɓa fita daga bakina ba. Na sake kira. Tsuntsayen suka tashi gaba ɗaya, gona ta yi duhu ta washe. Matan da ke bakin gona suka miƙe, na ji wata ta ce, “Lah! Ɗan farin nata?” Shi kuwa bai waiwayo ba.

Na kutsa cikin geron, ganye yana yankar fuskata, na tattare zane na hau rumfar nan da ban taɓa hawa ba. Na kama kafaɗunsa na girgiza. Ya ɗago a hankali, idanunsa rabi a rufe, ya dube ni ya jima.

Ya ce, “Yaya, wa kike kira?”

A ranar, a gaban Inna, na juye sauran ƙwayoyin a masai. Ita kuwa ta je ta tsaya a gonarta tana shafa zangarniyoyin da aka cinye. Da mijina ya ji ya yi faɗa, na ce in ya sake kawo su gidan nan sai dai ya zaɓa, ko ni ko su. Yaro ya yi kwanaki yana rawar jiki ba ya iya barci, sannan a hankali kumburin fuskarsa ya sauka. Ya warware, alhamdulillahi, amma bai sake yarda ya hau rumfa ba. Ya ce in ya ji motsi ya waiwaya, sai ya ji kamar wani laifi ya yi.

Mai farar riga yana nan da kantinsa a bakin titi, har ya ƙara shago. Makarantar ma tana nan. A Kwandiko kuwa ba wanda ke tuna zancen ƙwaya. Labarin da ake bayarwa har yau shi ne na matar birni marar kunya, wadda ta tsaya a tsakiyar gona ta ƙwala wa ɗan farinta kira a gaban uwar mijinta. Su yi ta faɗa. Tun daga ranar da sunansa nake kiransa, a gaban kowa, shi kuma har yanzu Yaya yake ce mini. Ya zama saurayi, ya fi ni tsawo. In na kira shi yana amsawa, sai dai yakan ɗan jima kafin ya waiwayo.